Sunan da Ke Jikin Jaka

Layin motoci ya fito daga harabar Hollis, gidan sayar da soyayyiyar kaza, har ya cinye rabin titi, motar Verlene Pettway kuma tana can wajen wutsiyarsa. Rana ta take a garin Macon, na'urar sanyaya motar ta mutu tun bara, amma ba zafin ne ya dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai farar motar masu gyara ce da ta hango kusa da akwatin lasifikar da ake tsayawa a yi oda. Yau kamfani zai cire akwatin. Daga gobe sai dai a yi oda ta waya. Dole ta isa gabansa kafin a taɓa shi.

Tun da Hollis ya buɗe reshe a garin mutane suka zauce. Sai an ɗauki hoton burodin nan mai soyayyiyar kaza kafin a kai shi baki, ana rantsuwa babu irinsa a duk jihar Georgia. Odessa, ƙanwar Verlene, ta ɗanɗana sau ɗaya ta yanke hukunci: gishiri ne da mai da talla. Ko da safen nan sai da ta kira tana mita, wai macen da ta ciyar da rabin coci da kazar tukunyarta ce za ta ƙare a layi kamar 'yar makaranta. Verlene ta bari ta gama, ta ajiye wayar. Odessa ba ta yi ƙarya ba. Kazar ba ta kai rabin yabon da ake mata ba. Firizar Verlene cike take da jakunkunan Hollis waɗanda ko buɗe su ba ta yi ba.

Duk da haka kullum sai ta zo. Gidanta ya yi mata yawa, ba abin da ke motsi a cikinsa sai agogon bango.

Al'adar Hollis ce idan layi ya yi tsawo a fito da ƙaramar kwamfuta a bi motoci ana karɓar oda. Terrence, sabon manajan da aka turo daga wani gari, ya ƙwanƙwasa mata gilashi yana share gumi. Kamar sauran ma'aikata, da sunan da yake gani a jikin jakarta yake kiranta.

"Mama, yau ma dai? Faɗa mini in rubuta, ki zagaya taga ki karɓa."

"Zan jira akwatin."

"Inji ne fa, Mama. Ga ni mutum, kyakkyawa ma kuwa, kina gudu na."

"Kai gobe ma kana nan," in ji ta. Ta ɗaga gilashinta.

Ba wai ba ta nemi hanya ba. Da ta ji labarin cirewar ta kira babban ofishinsu, aka yi ta miƙa ta daga murya zuwa murya, har wani lauya mai laushin harshe ya sanar da ita cewa duk abin da ke cikin akwatin mallakar kamfani ne, akwai sa hannu, ba a bayarwa, ba a sayarwa. Ya yi mata fatan alheri. Haka manyan kamfanoni suke: su sayi abu a hannun talaka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, su mallake shi har abada, ranar da suka gaji da shi su zubar ba tare da sun waiwayi wanda abin ya shafa ba.

Layi yana ja kamar ba ya so. Mai gyara ya sauke jakar kayan aikinsa ya tsaya jikin akwatin. Lokacin da motar gabanta ta gama oda, sai ya ɗaga hannu alamar an rufe, ya durƙusa da sukudireba.

Verlene ta tura motarta har sai da madubinta ya kusa gogar kafaɗarsa.

"Ɗana, ka ɗan jira. Ni kaɗai ce."

Ya dubi furfurarta, ya ja da baya.

Akwatin ya yi mata maraba da muryar nan ta budurwa mai 'yar dariya a ƙarshen gaisuwa. Verlene ta fara oda a hankali. Ta ce burodi mai kaza, muryar ta maimaita. Ta ce a cire yaji, ta maimaita. Ta ce a mayar da yajin, a ƙara dankali, a sauya lemo da shayi mai ƙanƙara, a fasa shayin. Na baya suka dame ta da hon da zagi. Ba ta ji su ba. Idanunta a rufe suke. Sai da ba abin da ya rage a allon abinci, muryar ta yi tambayar da take yi wa kowa: wane suna za a rubuta a jikin jaka?

Verlene ta faɗi sunan da ta saba faɗa: Mama.

"Na gode, Mama. Ki sauka lafiya," in ji muryar.

Mai gyara ya zare wayar lantarkin, 'yar fitilar akwatin ta mutu. Terrence ya miƙo jaka ta taga, amma motar ta wuce shi ba ta tsaya ba. Shi baƙo ne, bai san cewa muryar da kamfani ya zuba wa injinsa an naɗe ta ne wata yamma a ɗakin baya, a kan ladan abincin rana, daga bakin wata mai suyar kaza da ake kira Jonelle Pettway, 'yar Verlene ɗaya tilo, wadda aka binne shekara biyu da suka wuce.