Soson Cikin Akwatin Kifi

Kai da kake cewa kuɗin inshora asara ne tunda ba ka taɓa ganin ranarsa ba, zauna ka ji. Zancena ba shi da tsawo.

An yi wata mata a bayan tashar mota. Mijinta ya rasu, ta mai da falonta wurin rainon yara. Ma'aikatan asibiti da malaman makaranta su kawo nasu da safe, su ɗauka bayan la'asar. Da wannan take ci, da shi take riƙe marayunta. A kusurwar falon akwai akwatin gilashi na kifin ado da marigayin ya bari. Duk yaron da aka ajiye yana tsala ihu, sai ta kai shi gaban gilashin, ya ga jajayen kifaye suna kaɗa jela, ya haɗiye kukansa. Akwai wani babban kifi mai tumbi, yara suka raɗa masa Alhaji. A jikin akwatin kuma akwai 'yar na'urar tace ruwa, tana zuƙa ta ƙasa tana tofarwa ta sama, tana gurnani dare da rana. Matar ta daɗe tana harararta. Ruwa tas, ana hango tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, to me ake tacewa? Ga shi in an ɗauke wuta, ita ke shanye batirin da zai juya wa yara fanka. Ran nan ta zare wayarta daga bango. A satin ne kuma lokacin sabunta inshorar gidan rainon ya zo, irin ta taimakekeniya da ake kira takaful, wadda ke ɗaukar nauyi in ɗan mutane ya ji ciwo a hannunta. Shekaru tana zubawa, ko ƙwarzane bai taɓa kai su asibiti ba. Ta ce a ranta bana kam ta huta, gara ta sai wa yara sabuwar tabarma.

Da farko ruwan bai nuna komai ba, har ta ji ta yi dabara. Sannu a hankali ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙarni ya fara tashi. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Wata safiya yarinyar da aka fara kawowa ta ja mata zane, ta ce, "Umma, zo ki gani, Alhaji yana barci a rigingine." Ta sa ludayi ta tsame shi kafin sauran su iso. Sannan ta ɓalle murfin na'urar, abin da ba ta taɓa yi ba, don ɗanta ne ke wankewa in ya zo hutu. Soso ne a ciki. Ta matse shi a roba, baƙin ruwa ya tsiyayo kamar na kwata. Ta tsaya da soson a hannu. Ashe duk wannan dauɗar a cikin ruwan take tun tuni. Ba ta gan ta ba ne saboda akwai mai shanye ta a ɓoye. Ta ɗauraye soson, ta rage ruwan ta ƙara sabo, ta mai da waya bango. Sauran kifayen suka rayu. Da aka ɗauki yaro na ƙarshe a ranar, ba ta ko zauna ba. Ta yafa mayafi, ta tari adaidaita, ta je ta biya inshorarta.

Damina ta sauka. Wata rana tana canja wa jinjiri kunzugu, wani yaro ɗan shekara uku ya jawo kujera ya hau don ya leƙa kifi ta sama. Kujera ta zame, ya faɗo kan gwiwar hannu. Karayar ba ta mai ɗori ba ce, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Uban yaron ya iso asibiti yana huci. Ya nuna ta da yatsa a gaban mutane, ya ce, "Amana na ba ki. Ko ki ɗauki nauyinsa, ko mu haɗu gaban alƙali." Ba ta musa ba, gaskiyarsa ce. Ta zauna a benci tana hango a ranta gidan marayunta a hannun dillali, falo a kulle, iyaye suna kwashe 'ya'yansu. Ta kira ofishin inshora. Wakilinsu ya zo, ya duba, ya shiga wurin masu asibiti ya fito. Ya ce mata, "Hajiya, a yi masa aikin, mu za mu biya." Ta ce Alhamdu lillahi, ta jingina kai da bango, ta ja numfashin da ta kasa ja tun hantsi.

Aka yi aiki lafiya. Uban ya sauko, har ya zo gida ya ba ta haƙuri kan kaushin bakinsa. Uwar da kanta ta dawo da yaron, hannu a naɗe, ya wuce kai tsaye gaban gilashi. Matar ta sauke akwatin kan gajeren teburi daidai idon yara, ta fitar da kujerar zuwa tsakar gida. Na'urar tana nan tana gurnaninta, kuma yanzu ko fanka za ta tsaya, ba mai taɓa wayar.

Da ta bari sai yaro ya faɗi sannan ta nemi ofishin, da ta tarar da ƙofa a rufe. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba a fafe gora ranar tafiya.