Sikelin Alhaji Kudu

"Cinye, Malam," na ce wa mijina Mudi, na tura masa wata malmalar.

Alhaji Kudu, dillalin shinkafa na Barkin Sale, ya je Indiya aka yi masa aikin gwiwa. A can ya ji labarin sarakunansu na da, masu ɗora mawaƙin fada a sikeli su ba shi azurfa daidai nauyinsa. Shi ke nan kai ya kumbura. Yana dawowa ya yi shela cewa duk wanda ya fi iya wasa shi, zai samu shinkafa daidai nauyinsa.

Mudi mawaƙi ne. Shi ya kama baituka, ni na kama tukunya. Kullum ina ɗura masa sakwara da man shanu, har rigunansa suka matse shi.

Ranar gasa Mudi ya rera tasa, mutane suka miƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Sai wani Nma ya fito, siriri kamar sillen kara. Baitukansa duk a karye, har sunan mahaifin Alhaji ya kuskure.

Alhaji ya ɗaga hannun Nma. Buhu ɗaya bai ƙare ba sikeli ya daidaita.

Na bi shi har bakin mota. "Alhaji, don Allah, waƙar wa ta fi?"

Ya dubi tumbin Mudi, ya yi dariya. "Baiwar Allah, ni ban saurari kowa ba. Tun suna shigowa na auna su da ido. Mijin naki ai buhu biyu ne."