Jar Tocilar Malam Abarshi

Ko takalmi babu a ƙafar Zakiyya, haka ta keta taron matasan da suka cika ƙofar gidanta, tana roƙo har muryarta ta dushe. Mijinta Malam Abarshi na durƙushe a tsakiyarsu, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar guga.

Laifinsa? Ɗaki ya gina. Tun da ya bar koyarwa a firamare, Malam ba shi da abin so kamar kallon taurari. Wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da madubin hangen nesa daga Kaduna, shi kuwa ya yi ta tara bulo har ya tayar da ɗan ɗaki mai tsawo a bayan gida, da rufin kwano mai zamewa gefe. Ya fuskantar da shi daji, don can ne hasken janareta ba ya kaiwa. Tocilarsa ma jar leda ya naɗe mata, saboda farin haske na kashe masa ido idan zai leƙa madubin.

Wannan jan hasken ne ya ja masa. Maƙwabcinsa Haruna ya hango shi, ya je teburin mai shayi ya ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma me tsoho yake haska wa daji?" Kafin kasuwa ta zagayo, zance ya zama Malam na yi wa ’yan bindiga ishara. Aka rasa wanda zai taka ya tambaye shi. Ko mutum ɗaya! Sai ga shi jiya an kwashe manoma a gonakin bakin daji, har da ƙanen Haruna.

Zakiyya ta cafke rigar Haruna. "Don girman Allah, Haruna! Ku hau ku leƙa da idonku. Taurari yake kallo, Zara da Kaza da ’Ya’yanta, wallahi ba komai!"

"Inna, sake ni," in ji Haruna, idonsa jawur. "Da rana tsaka wane tauraro za ki nuna mana?"

"To ku jira magariba! Magariba kaɗai na roƙe ku, ’ya’yana!"

Malam ya ɗago kai da ƙyar. "Ku kai ni gaban hukuma. In na ci amanarku, a yi mini hukunci."

Ina! Wa ke saurare? Wani ya hau ɗakin ya wurgo madubin ƙasa, ya tarwatse. Sandar farko ta sauka. Zakiyya ta faɗa kan mijinta tana kururuwa, aka finciko ta aka yar gefe. Kafin dattawan unguwa su iso, aikin gama ya gama. A kan babur, a hanyar asibiti, rai ya yi halinsa.

Mako bai zagayo ba aka sake kwashe mutane a gona. Ga shi an rushe ɗakin, Malam na kabari. Ranar Haruna ya zo ƙofar gidan, ya tsaya kansa a sunkuye, sannan ya juya. Zakiyya na daga ciki tana takaba, ta ji tafiyarsa, ba ta ɗago ba.

Jama’a, tsoro ba hujja ba ne, zargi kuma ba shaida ba ne. In kun ga abin da ba ku gane ba a gidan maƙwabci, ku je ku tambaya, ko ku kai wa hukuma. Ran da aka ɗauka a kan jita-jita, babu nadamar da ke dawo da shi.