Saƙon Murya a Kemis

"Ba na karɓar tsohon kuɗi, Baba," in ji mai kemis ɗin Unguwar Boro, ta turo masa kuɗinsa.

A gida matarsa na kokawa da numfashi, maganin asma ya ƙare tun safe. Ya nuna wa mai kemis ɗin sabuwar sanarwar Babban Banki a Facebook, cewa an ɗage wa'adin daina karɓar tsohon kuɗi.

"'Yata, karanta mana."

"Dogon Turanci ne, kuma kowa na iya liƙa tambari." Ta ɗauko wayarta. "Ni da wannan mutumin na yarda. A guruf ɗin zumuntar mata aka turo, da Hausa ya yi bayani."

Ta danna saƙon murya.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, daga gobe kada kowa ya karɓi tsohuwar dubu..."

Ya san daga nan mai maganar zai yi tari. Makonni uku da suka wuce, a masana'antarsu ta Kudenda, shi ya naɗi saƙon domin mawaƙan cocinsu, mutum goma sha biyu kacal.

"Muryata ce," ya ce.

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ka ji tsoron Allah," ta ce, ta mayar da maganin inda yake.