Gahawar Da Ta Huce

Abu Zaid ya ajiye kofin gahawa a kan tebur, ko kurɓa bai yi ba. Haka ake roƙon alfarma a Amman: ba a sha sai mai gida ya ce buƙata ta biya.

Sai dai nan ba gidan kowa ba ne, ofishin wani ƙaton kamfanin waje ne. A gefensa 'yarsa Rawan ce, wadda ta ƙera 'yar na'urar da ke sanar da waya in tankin saman gida ya fara yoyo. A garin da ruwa ke zuwa mako-mako, ai kowa na so. Tana shirin yi wa fasahar rajista sai ga lauyoyi: wai kamfanin ya riga ta, ta rufe shagonta ko a haɗu a kotu. Dillalai duk suka janye, wa zai ja da masu kasuwa?

Rawan ta rantse wani ne ya kai musu sirrin. Ta kori aminiyarta Lujain daga shagon, ta yi ta jan Allah ya isa a kan abinci. Uban da ko mai faci sai ya ji labarin "'yata injiniya", tun lokacin bakinsa ya mutu.

"Baba, waɗannan ba su san darajar kofi ba," ta ce masa a mota, a hanyarsu ta zuwa. Da suka iso, kai tsaye ya wuce ciki. Hawa na nawa ne ofishin ma bai tambayi kowa ba.

"Ustaz Haisam," ya ce wa manajan kamfanin, "na zo da furfurata. A bar wa yarinyar nan guminta."

"Wallahi, Baffa, abin ya fi ƙarfina. Daga can sama ne."

"To ba zan sha ba."

Gahawa ta huce. Kunya da nadama suka hana tsohon ɗaga kai. Rawan ta dafa hannunsa, tausayi ya kama ta.

Haisam ya yi murmushi, ya tura masa kofin.

"Haba Abu Zaid, sha mana! Ranar bikin ɗan Abu Fadi, da kake zana mini na'urar Rawan dalla-dalla a bayan katin gayyata, ai kofi uku ka sha."