Awarwaron Sanata

Tun da aka kafa dokar awarwaro, duk wanda ya ci zaɓe sai an ɗaura masa shi a hannu. Wanda ya zaɓe shi kuma yana iya tura masa ciwon da ke gidansa ya ɗanɗana, ko da yake mai ciwon ba ya samun sauƙi.

Ranar zaɓe Tanimu ya bar 'yarsa Hansatu tana murƙususun ciwon sikila, ya shiga layi. Asibitin da Sanata Maikano ya yi musu alkawari har yau fili ne, awaki ke kiwo a ciki. Bana Manjo Tsalha ne ya fito karawa da shi, tsohon soja mai ƙafar roba.

Ilu mai faci ya taɓo Tanimu daga baya. "Mutumina, Manjo za mu yi ko? Ya ce da asibiti zai fara."

"Manjo ya sha wuyarsa a daji. Me ya yi mini da zan tura masa ciwon Hansatu?"

"Kai, ka ji tsoron Allah! Har yaran Sanata roƙo suke a zaɓi Manjo. An ce Sanatan ko cokali ba ya iya riƙewa yanzu, saboda ciwon da ake tura masa."

"Ai shi ya sa."

"To yarinyar fa? Ramuwa za ta sha ko magani?"

Tanimu ya matsa gaba a layi. Da ya shiga rumfar zaɓe, ya daɗe yana kallon hoton Manjo. Sai ihun Hansatu na safen nan ya dawo masa a kunne. Ya dangwala wa Sanata, ya danna har yatsansa ya yi zafi.