Yatsu Goman Valdomiro

"Ta ƙeya ake damƙar kifin piranha, sakarai!" tsoho Valdomiro ya daka wa Josimar, saurayin 'yarsa, tsawa.

Josimar ya matse babban yatsansa da kifin ya gartsa wa cizo, jini na ɗiga cikin kwalekwale.

"Kurungu kuwa, ƙayarsa ake fara karyawa. Wanda bai iya riƙe kifi ba, ba zai riƙe mini 'ya ba." Ya ware hannuwa. "Ƙirga! Shekara arba'in a kogin nan, goma cif!"

Josimar ya sunkuyar da kai, ya ga aure ya sha ruwa.

Sai ƙugiyar tsohon ta fizgo ƙaton piranha. Ko kallo bai yi ba, ya miƙa wa matarsa Zuleide a baya.

Ta zare kifin da yatsu ukun da suka rage mata.

"Rabu da shi, ɗana. Bai taɓa riƙe kifi ba sai soyayye."